Hancin Yabawa

…kuma ai ya daɗe. Ya daɗe mana! Daga nan zuwa kasuwa tafiyar me ce? Cewa ya yi bari ya leƙa rumfa ya ga ko dabinon Gidigir ya iso, yanzun nan zai dawo, yanzun nan — to ga shi rana ta sauka daga kafaɗarta ta koma kan ƙafafu, la'asar ta kawo jiki, Malam Garbai shiru kake ji.

Yabawa tana zaune gindin dogonyaro, faifai a cinya, tana tsintar wake. Wake, wake, tsakuwa. Wake, mai ƙwaro, a jefar. Ido kam ya daɗe da yin sallama, na hagu ya fara tafiya, na dama ya bi shi. Lokotoron ido a asibiti ya ce jijiya ce, ba yana ba ce balle a kankare. To, alhamdu lillahi. Yatsa yana gani, kunne yana gani. Hanci kuwa… kai, a tambayi matan unguwa. Daga nan zaune take gaya wa Mairamu ta bayan katanga tuwonta ya kama.

Hanyar kasuwa ɗaya ce, abin da ya dame ta ke nan. Ɗaya tak, kuma teburin Ɗan Talata yana bakinta, bai taɓa matsawa ba. Alewa, sabulu, ashana, ga uwar gayyar nan a jere, sigari kara-kara. Ba sai Malam ya yi magana ba ma. Da ya hango shi zai zaro ya miƙa, har da kunna masa, wai shi mai kirki! Allah ya shirye ka, Ɗan Talata. Allah ya buɗa maka kasuwa ta wani gefen, ka bar mata mijinta…

A'a. Ba zai tsaya ba. Ai ya sha ƙwayar maganinsa ta safe, ita da hannunta ta ba shi.

Ta saki waken, ta laluba bakin zane. Ga katin maganin nan a ƙulle. Tana bi da babban yatsa: rami, rami, rami, duk waɗanda aka fasa — sannan mai tudu, ta yamma, tana jira. Ƴar ƙwaya da ko waken nan ya fi ta girma. Wai ita ce za ta kayar da abin da Yabawa take kokawa da shi tun kafin a haifi ƴarsu Nafisa! Wane irin kuka ne ba ta yi ba? Yaji ma ta yi, har Kelle, gidan kawunta, ya bi ta biko da kara a bakinsa. Ta tsoma kwalin sigari cikin randa, ta binne ashana cikin gero. Ta kai ƙara wurin yayansa Aisami, Allah ya jiƙansa, ya yi ta girgiza kai yana assha, assha — ashe shi ma sha yake, a bayan garka.

Benci mai sanyi. Asibitin Damagaram, bayan damina. Ita ba ta ga hoton ƙirjin ba, da me za ta gani? Ƙararsa ta ji da lokotoro ya ɗaga shi sama. Ƴarsu Nafisa, da ta kawo su, tana jan hanci a hankali wai kada uwa ta ji. Sai lokotoro ya ce: "Baba, ƙirjin nan ya gaji, zuciya ma ta gaji. In ka bar taba yanzu akwai sauran tafiya. In ba ka bari ba, ba ni da abin da zan ƙara." Shi kuwa gogan naka, da bakin nan nasa da ba ya mutuwa, wai to a rubuta masa wadda ba ta hayaƙi. Babu wanda ya yi dariya. Hannunsa yana kan gwiwarta, ya damƙe ta, ita kaɗai ta sani.

Tsakuwa ce wannan? Tsakuwa ce.

Aka rubuta ordonas, takardar magani, Nafisa ta ruga farmasi. Safe da yamma, bayan an ci abinci, da ruwa cike da moɗa. Kuma wai makon farko ya ci gaba da shan abarsa, magani yana aiki ta ƙasa, sai ranar da ya tsayar da kansa. Ho! Tun daga Damagaram har Gure yake sa wa lokotoro albarka cikin mota, ɗan halak, ɗan manyan mutane, wannan shi ya san aiki. Ita kuwa ta kumbura ta yi fam. Wane irin magani ne zai ce ka sha? Sai ga shi kafin Juma'ar da ya sa, tana jin sa a zaure yana tsaki, yana tofar da yawu. Wai an ɓata sigarin zamani, kamar mutum yana zuƙar tsumma. Ta shiga ɗaki ta rufe baki da mayafi ta yi dariyarta.

Da sauƙi? Wa ya ce da sauƙi? Tashin zuciya kullum safe, kuma laifin kokonta ne, ba na magani ba. Faɗa da akuya. Faɗa da buta, don ta tsaya inda ya ajiye ta. Dabinon da ya kamata ya sayar rabi a cikinsa yake ƙarewa, ga asuwaki ya tauna ya tauna har ya zama igiya. Mafarkai kuwa, lokotoro ya ce za a yi, an kuwa yi — da hantsi yana ba ta labari wai raƙumi ne ke tuƙa kamiyonsa na dā, babbar motar da yake ɗaukar kanwa da ita, shi kuma an mai da shi karen mota, raƙumin yana zaginsa da Barbarci. Ta yi dariya har hawaye. Rabon da ya ba ta labari mai tsawo haka ba tari ya yanke shi… ta manta rabon.

Harshensa ma ya farka, don neman magana. Shekara da shekaru yana cin miyarta bai taɓa cewa uffan ba, shekaranjiya wai, ashe haka take zabga daddawa? Ka ji mutum! Sai da ya kusa tsufa tukuf ya san ɗanɗanon matarsa.

Kai dai Malam, ka wuce teburin nan. Ka kau da kai. Ka yi kamar ana kiranka a gaba…

Bakinta ne ya motsa? Ya motsa. Nafisa ta sha faɗa mata, Inna, kina magana ke kaɗai fa. To da wa za ta yi? Tun da ido ya tafi zance ba ya zama a ciki, sai ya sulalo. Gida ba kowa, akuya ba ta kai tsegumi.

Injin niƙan bayan gida ya tsaya. Iska ta kawo hayaƙin murhun wani, da warin garke, da albasa tana soyuwa can nesa. Tana buɗe hanci tana tacewa ɗaya-ɗaya, tana neman — me take nema?

Ta san abin da take nema. Kunya ce ta hana ta faɗa.

Tashar Damagaram, shekarar da idon dama ya rufe. Cunkoso, ƴan kabu-kabu suna ta oda, wani ya banke su da buhu, hannunta ya suɓuce daga nasa. Ta tsaya cak. Duhu ko'ina, kuma sabon duhu, wanda ba ta saba da shi ba tukuna. Ta kira shi? Ta ce me, a tsakiyar maza? Maza nawa ke shan taba a tasha, amma nasa daban ne: taba da goro, da kajijin da take turara masa riguna don ta kashe warin, bai kuwa taɓa mutuwa ba, sai dai su haɗu su zama wani abu. Ta bi shi da hanci kamar tunkiya mai neman ɗa, ta cafke hannun riga. Shi ne. Ya ce ya aka yi ta gane shi, ta ce wa zai kasa gane bola? Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Wallahi ba ta taɓa jin daɗin tarin nan ba sai ranar.

Tun daga nan ai da su take ganinsa. Tari daga bakin lungu, mai ja kamar ana jan guga — ya taho. Wari a zaure — ya shigo. Wari ya yi ƙarfi — yana kusa, ta miƙa hannu. In ya yi tafiya ta jawo rigarsa daga ƙusa ta ajiye kusa da matashi, wa ya sani? Ba wanda ya sani. Da baki tana tsine wa taba, da hanci tana…

Yanzu fa? Ita ta wanke rigunan da kanta, ta sake wankewa, ta shanya katifa a rana, ta ba Mairamu tsohuwar hular ta jefa a wuta. Duk ita. Tarin ya yi sauƙi, sai ɗan gyaran murya da safe. Numfashin nan mai kukan ƙofa ya lafa. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi, abin da ta roƙa a kowace sujada ke nan, ya za a yi ta ce wani abu? Amma yashin Gure ba ya faɗin sawu. Mutum zai ratsa tsakar gida, ba wari, ba tari, kamar inuwa. Jiya ta ja mayafi ta rufe kai ta ce, wane ne? Mijinta! Ya mai da shi wasa, wai baƙo ne daga Alakos ya zo neman aure. Ta taya shi dariya.

Sau biyu ke nan za ta makance? Wannan tambaya ce ta mai imani? Astagfirullah. Rai ake magana, Yabawa, ran mutum. Gara ya zauna ba ta gane shi da ya tafi ya bar mata riga mai wari a ƙusa. Ta sani. Ta sani sarai. Ta yamma tana nan a bakin zanenta, da ya ci tuwo za ta fasa ta sa masa a tafi, ta tsaya har ta ji maƙogwaronsa ya haɗiye. Gobe ma haka, jibi ma haka, har katin ya ƙare a karɓo wani, har lokotoro ya ce ya isa. Ba za ta fasa ba ko da…

Amma da zai shigo yanzu, da ɗan warin nan, kaɗan, a gefen gemu — ai za ta yi masa tas. Za ta tara masa unguwa. Za ta kira Nafisa a salula ta kai ƙara. Kuma can ƙasan zuciya, can inda ba ta son leƙawa…

"Kara ɗaya dai, Malam. Ko kara ɗaya ne, in ji ka shigo, in san kai ne."

"Ina nan fa."

Faifai ya kife. Wake ya watse cikin yashi.

Daga dama muryar ta fito. Kusa, kusa ƙwarai, ƙasa-ƙasa, wajen turmi. Ba daga zaure ba.

"Ban je ba," in ji shi. "Na kai bakin lungu na hango teburin, na ji ƙafata ba tawa ba ce. Sai na juyo. Na ce bari in zauna kusa da ke har abin ya wuce."

Tun ɗazu? Tun injin niƙa yana ruri? Duk tsawon ranar nan da ta sauka daga kafaɗa zuwa ƙafa yana nan, taku kaɗan, yana kallonta tana shafa katin magani, tana baza hanci tana nemansa a iska — wurinta ya gudo, wurinta, don ta tsare shi, ita kuwa… Daga ina ya fara ji? Me da me ya sulalo? Na ƙarshen kam ya ji, ba tantama, da kunnenta ta ji shi ya fita. Kara ɗaya. Ita ta faɗa. Kuma mutumin nan, da duk taurin kansa, tun da idonta ya rufe me ta taɓa roƙa ya hana ta?

Tana laluba. Yashi, wake, gindin turmi, iska… riga. Ta damƙe. Ta jawo ta kai fuska, ba kunya, a tsakar gida ido na ganin ido. Sabulu. Kajiji. Dabino. Da wani abu can ƙasa, ɗumi-ɗumi, mai ɗan gishiri, wanda ba ta san shi ba — na jikinsa ne? Haka yake dama? Duk shekarun nan yana ƙarƙashi? Siriri ne ƙwarai, daga taku ɗaya ba za ta kama shi ba. Yaushe za ta koye shi, da tsufan nan…

An kira la'asar. Masallaci kuma ta hanyar yake, gab da teburin.

"Sakar mini riga, Yabawa, in yi alwala."

Ta ji. Me za ta ce masa, ba haka take nufi ba? Haka take nufi, shi ma ya sani. Ga ƙwaya a bakin zane, ga riga a hannu, yatsunta sun gaji, sun ƙage, kuma sun ƙi buɗewa…