Jar Waya a Ƙusar Hagu

Jar wayar Kawu tana ƙusar hagu. Na lura da ita ne lokacin da na kai masa ruwa wajen eriyarsa, wani zoben waya mai faɗin tayar keke da ya kafa a bakin ramin ma'adinai. A eriyoyin abokansa, ja tana dama. Na ajiye masa ruwan na juyo. Ni ba mai yawan magana ba ce, Kawu kuwa tun kafin a haife ni yake gyaran rediyo.

Yayana yana ƙarƙashin ƙasa. Shekaranjiya ramin haƙar ma'adinai ya rufta da shi da abokan aikinsa. A aljihunsa akwai ɗan akwatin da Kawu ya ƙera masa tun da ya fara aikin. In aka danna maɓallinsa yana fitar da wata irin sigina mai ratsa dutse, sai dai kafin ta iso sama ta galabaita, hayaniyar iska ta binne ta. Shi ya sa 'yan ƙungiyar rediyon su Kawu suka kafa eriya nan da can, kowa ya naɗi abin da ya samu. In aka jera naɗe-naɗen aka tara, hayaniya takan cinye junanta, sigina kuwa ta ƙaru. Tarawar ce aikina, don ni na karanci kwamfuta.

Jiya mun tara. Babu komai sai feshi kamar na lalataccen talabijin.

Yau da hantsi Injiniya, shugaban masu ceto, ya shigo kwantenar da aka mayar ofis. Bai ko cire hular kwanonsa ba ya fuskanci Kawu.

"Baba, na ba ku jiya, na ba ku safiyar yau. Gefen ramin nan tsagewa yake yi. Ba zan ajiye masu rai a ƙarƙashinsa don tono gawa ba."

"Kada ka ƙara cewa gawa," in ji matar Yaya. Tana zaune a kan benci, takalmanta ƙafa ɗaya nata, ɗaya na mijinta.

"Ki yi haƙuri, Hajiya."

"Injiniya, ba ka san wanda ke ƙasan nan ba," in ji Kawu. "Ko ranar da za a haife shi sai da ya sa kowa jira. Ka ƙara mana lokaci."

"Ku nuna mini alama. Ko ɗigo ne."

Ta taga ina hango tirela tana ja da baya. An fara hawar da katafilar tono, za a tafi da ita.

Na sake buɗe naɗe-naɗen. Ba da agogo muke jera su ba, don agogon kowa da nasa ra'ayin. Da walƙiya muke yi. Ko a wata ƙasa aka yi ta, duk eriyoyin suna jin ƙas ɗinta a lokaci guda, ta fito a allo kamar tsinke. Jiya na daidaita tsinkayen na wuce, ban tsaya kallonsu ba. Yanzu da ba ni da sauran abin dubawa, sai na kama guda ɗaya na yi ta buɗa shi har ya cika allon.

A naɗin kowa, tsinken sama ya fara tashi. A na Kawu ƙasa ya nufa.

Na tuna da jar wayar: a juye ya haɗa wayoyinsa, shi ya sa naɗinsa ya fito a kife. Eriyar Kawu ce mafi kusa da ramin, naɗinsa ya fi na kowa ƙarfi. Duk abin da sauran suka tara, nasa yana kwashewa.

"Kawu."

Bai ji ba. Yana riƙe da hannun rigar Injiniya yana haɗa shi da Allah.

"Kawu, naka a kife yake."

"Na wa? 'Yar nan, ki yi aikinki."

Ban iya kallon idonsa ba. Na juya naɗinsa, na sake tarawa. Kwamfutar ta daɗe tana nishi. A waje ana ɗaure katafila da sarƙa, ƙarar tana shigowa har cikin haƙorana.

Sai wani siririn zare ya fito a tsakiyar feshin. Ya tafi, ya yanke, ya dawo.

Injiniya ya sunkuyo. "Ina na san ba janaretan wani ba ne?"

"Janareta ba ya hutawa ya dawo," na ce. "Duba yadda yake gajarcewa. Yatsa ne yake gajiya."

"Na yaushe ne wannan?"

"Na jiya."

"Jiya ta wuce. Ina na yau?"

Na ɗora na safiyar yau, na juya na Kawu. Matar Yaya ta taso ta dafa kafaɗata, farcenta yana shiga namana. Feshi. Feshi. Kawu yana ta motsa baki ba sauti. Can wajen ƙarshe zaren ya ɓullo, ɗan guntu, dishi-dishi, da kyar ake raba shi da hayaniya. Ya ɓace. Ya sake ɓullowa.

Injiniya ya banke ƙofa. "Kai, direba! Kwance ta! Na ce kwance ta, kurma ne kai?"

Matar Yaya ta bi shi da gudu, takalmin mijinta ya zame a bakin ƙofa ba ta waiwaya ba.

Saura ni da Kawu. Ya matso ya zuba wa allon ido, ba zaren yau ba, na jiya, mai tsawo, wanda yatsa ke dannawa da sauran ƙarfinsa. Ya daɗe a kai. Na so in ce masa ai akwatinsa ne ya yi magana, amma kafin in buɗe baki ya juya.

Ya ɗauki sukundirebansa daga kan tebur, ya gyara takalmin Yaya ya jingina shi da bango, ya fita ya nufi eriyarsa.