Tukunyar Delu a Kan Sikelin Gwamnati

Shekara ta biyu da samun mulkin kai, bayan an gama jibge dammunan hatsi a rumbu, wata mota ta taso daga Tawa ta sauke wani saurayi a ƙauyen su Delu, can arewa da Barmu. Siriri ne kamar karan dawa, ya ɗaure wando da ɗamarar fata, yana rungume da sikeli irin na ratayawa. Sunansa Mumuni, Bazabarme ne daga Yamai, Hausarsa kuwa sai a hankali.

A ƙofar mai gari ya yi bayani. Gwamnati ce ta aiko shi, tana so ta san abin da mutanen Adar ke ci yau da gobe. Zai riƙa shiga gida uku safe da yamma, ya auna duk abin da za a zuba a tukunya. Da wannan awo ne masana tattalin arziki za su gane garuruwan da rumbunansu ke ƙarewa da wuri, don in bazara ta matsa a san inda za a fara kai hatsi. Aka ja ƙuri'a da tsinke, sai ta faɗa kan gidan maƙeri, da gidan Fatimata, da gidan Tukur mijin Delu.

Duk wannan dogon bayani, abu ɗaya ne ya shiga kunnen Delu: za a kai labarin tukunyarta Yamai. Ita kuwa mace ce da ba ta haɗa rufin asiri da komai ba. Ranar da babu abin dakawa a gida, sai ta riƙa luguden turmi wayam don maƙwabta su ji. In yara za su fita wasa, ta shafa musu ɗan man shanu a leɓe. Tun da aka kawo ta garin nan ba wanda ya taɓa ganin ƙasan ƙwaryarta, to yau ga gwamnati da kanta za ta leƙa.

"Malam, ka ji abin da anka ce?" ta tari mijinta tun daga ƙofa. "Yamai za a karanta mu. Manya su zamna bisa kujeru, a ce gidan Tukur miya ba mai, hura tsululu awa ruwan wanki."

"To ai ita mu ka sha, Delu," in ji Tukur.

"Mu ka sha, mu da Allahnmu. Ban da gwamnati."

Tukur ya bi idonta ya ga inda ya sauka: kan ragon da yake turkewa don layya. Ya buɗe baki zai yi magana, ya tuna irin matar da ya aura, ya tafi neman wuƙa.

Washegari da Mumuni ya yi sallama, ya tarar da tsakar gida fes, an jera ƙore kamar kayan ɗakin amarya. Ga surfaffen gero, ga wake, ga ƙwaryar man shanu, ga cinyar rago guda tana ƙyalli. Ya rataya sikeli a reshen aduwa, ya auna wannan ya auna wancan, yana ɗaga gira.

"Inna, kullum haka kuke ci?"

"Ka yi haƙuri, ɗana," Delu ta ce tana sunkuyar da kai. "Bana abin ya yi muna ƙaranci, shi ya sa kag ga kaɗan."

Yana juya baya, sai ga kan Fatimata ya ɓullo ta ramin darni, ido ya raina fata. Gidanta ne na biyu, ita kuwa ko ƙashi ba ta da shi. Delu tana da alfahari, amma ba ta da rowa, kuma ba za ta bari a tozarta maƙwabciya a gaban baƙo ba. Ta cusa mata cinyar ta ramin. Kafin Mumuni ya zagayo ta lungu, cinya ta riga shi isa, ta kwanta a faifai tana jiransa. Daga nan ta haura gidan maƙeri. Da yamma Mumuni ya gaya wa mai gari, cikin mamaki, cewa bai taɓa ganin garin da ragunansa suka zo daidai da juna kamar wannan ba.

Da cinya ta gaji da yawo aka dafa ta, sai ƙwaryar man shanu ta karɓi aiki, daga baya kuma wani curin sukari da aka aro a Barmu. Amma hatsi ba ya aruwa haka, dole a daka a dafa, don baƙo yana zaune, kuma ba a auna abinci a gaban mutum a hana shi ci. Delu ta sa Tukur hawa rumbu safe da yamma yana jeho dammuna. Yau tuwo da miyar nama, gobe waina, jibi dambu. Fatimata ta ƙara wake, Delu ta ƙara mai. Matar maƙeri ta yanka zakara, Delu ta yanka biyu.

Hayaƙi kuwa ba ya ɓuya. Duk wanda ya shaƙi ƙamshi sai ya tuna yana da gaisuwar da bai kai ba. Wani mai goge da ke hanyarsa ta zuwa Afala ya zaci biki ake yi, ya sauke kaya. 'Yan mata suka yi da'ira, suka ƙaga waƙar sikeli nan take. Tsofaffin da haƙoransu suka manta nama suka tashi suna rangaji. Shi kansa Tukur, da ya ga ragon dai ba zai dawo ba, ya naɗe hannun riga ya shiga fili. Delu tana tsaye a bakin murhu, zufa na zuba, daɗi kamar ya kashe ta. Ba ta taɓa jin kanta mace kamar a kwanakin nan ba.

Mumuni ya yi roƙo har ya gaji. "Inna, don Allah ku dafa abin da kuka saba."

"Shi ne wanga, Mushe," in ji Delu, don haka ta ji ana kiran ma'aikatan gwamnati da Faransanci. "Ci ka ƙara."

Ya ci, ya ƙara. Ranar da zai tafi sai da maƙeri ya huda masa sabon rami a ɗamara. Aka raka shi da guɗa har bakin mota, Delu ta dawo gida tana taku kamar matar kumandan mai mulkin Tawa.

Rani ya wuce, bazara ta shigo da zafinta. Rumbun Tukur, wanda a kowace shekara yake lallaɓawa har ruwa ya sauka, ya ƙare tun gizagizai ba su fara haɗuwa ba. Aka koma tafasa da dussa. Delu ta koma luguden turmi wayam, sai dai yanzu daga gida uku ake jin irin wannan sauti.

Wata rana da hantsi aka ji rurin babbar mota. Gari ya fito da ƙore da buhuna. Motar tana shaƙe da hatsin gwamnati, ta tsaya a bakin rijiya don direba ya ba inji ruwa. Daga gaba Mumuni ya diro, ya koma siririnsa, yana washe baki.

Mai gari ya tambaye shi ko buhu nawa ne rabonsu.

"A'a, Baba, wannan na wajen Afala ne. Can mutane suna wahala ƙwarai. Ku ai awo ya nuna ba ku da matsala." Ya hango Delu a cikin mata ya nufe ta da murna. "Inna, har a babban buro, ofishinmu na Yamai, an yi maganar garinku. Shugabanmu ya ce da kowa yana ci kamar gidan nan, da ƙasa ta huta."

Mata suka riƙa mayar da ƙorensu cikin zane a hankali. Delu ta ji idanun gari duka a bayan wuyanta. Magana ɗaya ce za ta gyara abin, kuma tana bakinta. Ta dubi saurayin, ta dubi mutane.

"Direba zai huta sai rana ta yi sanyi," Mumuni ya ce. "Wallahi Inna, tun da na tafi nake kewar furarki."

"Bismilla, ɗana," in ji Delu. "Taho ka zamna inuwa."

Ta shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, ta shige ɗaki. A saman gado akwai ɗan damin zangarniyar da Tukur ya zaɓa ya rataye don iri, wanda za su shuka ranar ruwan farko. Ta miƙa hannu ta kwance shi. Tukur yana bakin ƙofa yana kallonta, ita kuwa ba ta yarda sun haɗa ido ba. Ta wuce shi, ta zuba a turmi ta fara sussuka.