Dangin Trevor Darwin

Trevor Darwin manomin mangwaro ne a Humpty Doo, can bayan garin Darwin a Ostareliya. Tun yana saurayi yake gaya wa duk wanda ya tsaya saurarensa cewa shi jinin babban masanin nan ne da aka raɗa wa garin sunansa. Har gemu ya tara irin na masanin saboda haka.

"Kai Trev, rufa mana asiri," in ji matarsa Glenys. "Gemu ai bunsuru ma yana da shi."

Da musun ya ishi 'yarsu Narelle, sai ta ɗebi yawun uban ta aika aka yi gwajin asali. Sakamako ya fito, babu abin da ya haɗa shi da masanin sai suna. Kakan kakansa kuku ne a jirgin ruwa. Amma gwajin ya tono wata Beryl Darwin a tsibirin Tasmania mai sanyi, jikar ƙanen kakansa, wadda bai taɓa jin labarinta ba.

Trevor ya yi kwanaki yana kumbure-kumbure, ko gona ba ya son leƙawa. Ana cikin haka Beryl ta bugo waya. Ya karɓa fuska a ɗaure, amma har shayinsa ya huce bai ajiye ba.

Ta zo lokacin da mangwaro ya nuna, sanye da rigar sanyi a wannan zafin, gumi na tsiyaya. Glenys ce ta fara hango ta a filin jirgi.

"Ga kunnuwanka can suna tahowa," ta ce wa Trevor, ganin irin nasa ne sak.

Aka gasa kifin barramundi a ƙarƙashin bishiya. Trevor ya yi gyaran murya, ya faɗa wa baƙuwar abin da ya daɗe yana taƙama da shi, yana ɗan jin nauyi.

"Ɗan'uwa, naka mai sauƙi ne," in ji Beryl. "A wajenmu akwai wani dutse mai suna Darwin. Babana har ya rasu cewa yake namu ne. Duk shekara sai ya kai mu mu duba shi, kamar wani zai sace."

Trevor ya yi dariya har ya ƙware, Narelle na bubbuga masa baya.

Beryl ba ta koma ba sai da aka gama tsinkar mangwaro. Kafin ta tafi, sai da ta sa ya yi mata alkawarin zuwa Tasmania. Washegari Glenys ta shiga gari neman rigar sanyin da za ta shige shi.