Jimloli Uku na Baba Tafinta

"Sake faɗa," in ji Baba Tafinta, yana ƙwanƙwasa hannun kujera da biro. "Burinki na tambaya, Uwar Keke. Yanzu fa cewa kika yi keken ɗinkinki ne yake son ya yi hira da jikarsa."

Direba ya tuntsire da dariya har littafinsa ya zame ƙasa. Na harare shi, na sake harhaɗa Turancin kamar mai haɗa ƙyallaye: ina son in yi hira da jikata. Ɗana yana aiki a wata ƙasa, a can aka haifi yarinyar. Shekararta shida, ko "zo" ba ta ji da Hausa. In an miƙa mata waya sai mu yi ta murmushi, ni da ita, har uban ya karɓe.

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da na Baba Tafinta a gidan hayarmu. Shekara talatin ya yi yana fassara a kotu kafin ya ajiye aiki. Ba mata, ba ɗa, sai littattafai a kwali da rediyon da aka ɗaure da roba. Ɗalibansa mu biyu ne, ni da Direba, mai son ya samu aikin ɗaukar baƙi a wani otal. Ba ya sa mu hadda. Kullum da yamma tambaya yake jefo mana, mu yi ta kokawa da ita da Turanci. Me kake so ka zama nan da shekara biyar? Me kike tsoro?

Ran nan ƙafafunsa sun kumbura har silifas ya ƙi shiga, ya ɗora su a kan bokitin da aka kife. Ya ce, "Mun gama da buri. Yau aboki. Kowa ya ba ni labarin amininsa."

Direba ya fara. Ya ce amininsa bakanike ne, mutumin kirki, yana da ƙafa huɗu.

"'Ya'ya huɗu dai," in ji Baba. "In ƙafa huɗu gare shi, mota ka aminta da ita."

Muka yi dariya. Sai Direba ya ce, "To Baba, kai fa? Kullum mu kake tonawa. Waye naka aminin?"

Baba ya juya ya kalli taga. Can sai ya fara magana da Turanci, a hankali yadda ya saba domin mu gane. Amma bai yi nisa ba ya manta da mu. Maganar ta riƙa gudu, muryarsa ta yi ƙasa. Na tsinci abin da na iya tsinta: aboki, mai buga takardu a kotu, ƙaninsa, kurkuku, kalma ɗaya, shekara ashirin da shida. Sauran duk suka wuce ta kaina. Da ya gama ya goge baki da hankici, ya ce da Hausa, "Kun gane?"

"Rabi," na ce.

"Rabin ma ya isa."

A tsakar gida ni da Direba muka haɗa abin da kowa ya ji. An gurfanar da ƙanin amininsa, Baba ne ya yi fassara. Akwai wata kalma da mutumin ya faɗa, Baba ya mayar da ita yadda take, bai sassauta ba, aka ɗaure mutumin. Tun daga ranar aminin bai sake amsa gaisuwarsa ba. Wace kalma ce, mu biyun duk ba mu kama ba.

Washegari ya kira ni ta jikin bango, da ƙwanƙwasa biyu. Na same shi a kwance, numfashinsa yana ƙara kamar ana jan tsumma a siminti. Ya miƙo min guntuwar takarda. Lambar waya ce a sama, jimloli uku a ƙasa.

"Aikin gida," ya ce. "Ki kira wannan lambar, ki karanta masa. Da Turanci fa, kar ki yi min ha'inci."

Na karanta ina bin kalmomin da yatsa. Abokinka yana gaishe ka. Ba shi da lafiya. Yana son ya ji muryarka.

"Baba, me zai hana ka kira da kanka?"

"Ni malami ne, ke ɗaliba. Wa ke ba wani aiki?" Ya juya fuska wajen bango. "Kuma in ya ji muryata, kashewa zai yi."

Na san lambar ta waye. Amma kunya ta kama ni. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana buga Turanci a kotu, ni zan kira da wannan karyayyen bakin nawa? Na ce bari in goge tukuna. Na manna takardar a jikin keke, ina taka ƙafa ina maimaitawa. Kullum in na kai masa ruwan zafi sai ya ɗago ido ya ce, "An yi aikin gida?" Ni kuma in ce, "Gobe, Baba. Jimla ta uku ce take sarƙe min harshe."

"To, gobe," yake cewa. Bai taɓa yi min faɗa ba.

A rana ta huɗu, da hantsi, ina yankan hannun riga, na lura tun safe ban ji tarinsa ba. Na ajiye almakashi na leƙa. Yana zaune a kujerarsa, sanye da farar rigar da yake sawa in za mu yi karatu, tabarau a hanci. Wayarsa tana kan cinyarsa, fuskarta a sama. Na kira shi sau uku. Da na taɓa hannunsa na ji sanyi.

Direba ne ya ɗauke shi a motarsa zuwa makwancinsa, maƙwabta suka bi. Da suka dawo gidan ya yi tsit, na ɓare takardar daga jikin keke na danna lambar. Wata tsohuwar murya ta ce, "Wa ke magana?"

Na karanta masa da Turanci, kamar yadda aka umarce ni, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sai da na kai ƙarshe na ji abin da nake faɗa. Yana gaishe ka, yana son ya ji muryarka. Ban san yadda ake mayar da su abin da ya wuce ba, karatunmu bai kai nan ba.

Ina jin numfashinsa a wayar. Sannan ya ce da Hausa, "'Yata, miƙa masa wayar."

Da Hausa na faɗa masa.

Kwana biyu bayan haka ya zo. Dogo ne siriri, da sanda, idonsa ɗaya ya yi fari. Na buɗe masa ɗakin. Mai gida ya riga ya sa an kwashe katifa, sai gadon ƙarfe da kujera da kwalayen littattafai. Tsohon ya tsaya a bakin ƙofa yana dube-dube.

"Yaushe ya ba ki lambar?" ya tambaya.

Na so in yi ƙarya. Na ce, "Kwana huɗu kafin ya rasu, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Ni tasa tana wajena shekara tara." Ya shiga ya zauna a bakin gadon. "An ce ya ba ku labarina. Me ya ce?"

"Da Turanci ya faɗa, kuma da sauri. Rabi kawai na gane."

"Ya ce yana jin haushina?"

"Ban sani ba, Baba. Wallahi ban sani ba."

Ya ce in ba shi wuri kaɗan. Na ja masa ƙofa na koma ɗakina, na zauna a gaban keke, na sa hannun rigar nan a ƙarƙashin allura. Har na ɗora ƙafa sai na jiyo shi ta bango yana magana ƙasa-ƙasa da Turanci. Yana faɗar 'yan kalmomi, sai ya dakata, kamar mai barin wuri a ba shi amsa, sannan ya ci gaba.

Na ɗauke ƙafata a hankali, na riƙe ƙafar keken da tafin hannu don kar ta juya. Haka na zauna har inuwar bango ta rufe tsakar gida.