Tsarabar da Ba a Buɗe Ba

Shekara tara ke nan Aminatou tana aika kaya Maradi daga New York, amma ba a taɓa yin ranar da ɗiyarta Nafissa ta buɗe baki ta ce ga abin da take so ba. Takalma, jakar makaranta, man shafawa, riguna masu ƙyalli, duk Aminatou ce ke zaɓa da ka, tana tsaye a kanti tana ƙiyasta tsawon yarinyar da ta bari tana da shekara huɗu. Rabin kayan ma ba sa shigarta, sai a raba wa 'ya'yan maƙwabta.

Nafissa 'yar fari ce, kuma ka san halin mutanenmu da ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban jama'a, ba ta nuna ta damu da shi ko da ƙaunarsa na cin ta a ciki. A gida abin bai cika ciwo ba, domin yaro yana ganin uwarsa kullum, yana gane sonta daga tsokar naman da ta tura masa ƙarƙashin tuwo. Sai dai wanda ya fara wannan kunya bai yi tunanin wata rana teku zai shiga tsakanin uwa da ɗa ba. Duk Lahadi Aminatou kan kira mahaifiyarta, Inna, wadda ke riƙon yarinyar. Sai sun gama hirar unguwa tsaf, sannan ta ce, kamar abin ya faɗo mata ne yanzu, "Ina yarinyar nan?" Nafissa ta zo gaban waya ta durƙusa ta gaishe ta, a tambaye ta lakkwal, wato makaranta, ta ce lafiya lau. Daga nan sai Inna ta karɓi wayarta.

Wata Lahadi kuwa yarinyar ba ta tashi ba bayan gaisuwar. Ta yi ta murza bakin hijabinta, can ta ce, "Mama, in babu damuwa, akwai wani abu da nake so."

Ashe wata 'yar uwarsu da ta zo hutu daga Faransa ce ta bar mata tsohuwar na'urar wasan bidiyo ta hannu, amma ta tafi da ɗan kaset ɗin da ake sa mata. Nafissa ta ɗaga hotonsa a gaban waya. Wasan gona ne, in ji ta: ana shuka, ana kiwon kaji, ana gina gida.

"Shi ke nan?" in ji Aminatou. "To, za a aiko."

Da ta ajiye wayar sai ta kwashe da dariya. Yarinya tana zaune a Maradi, gonaki sun kewaye ta gabas da yamma, wai gonar cikin na'ura take nema! Dariyar ba ta yi nisa ba ta juye mata, ta shige ɗakin bayan shagon da take aiki, inda suke wanke wa mata kai, ta yi kukanta a can. Farin ciki ne ya yi mata yawa, domin yau ɗiyarta ta roƙe ta abu kamar yadda ɗiya ke roƙon uwa.

A shagon kitso take aiki, kan titin 116 a Harlem, kujerarta kusa da ta Adjoa, wata 'yar Kumasi da ta tashi a zongo, unguwar Hausawan can, mai Hausar da ke ce wa kowa "kai", mace ko namiji. Adjoa ce ta dubi hoton da Inna ta turo, ta ce an daɗe da daina yin wannan wasan, babu kantin da zai sayar da sabo, sai dai a nemi na hannu a intanet. Ta kuma tuna cewa ɗiyarta, wadda yanzu take jami'a, ta bar irin na'urar a gida. Washegari ta zo da ita shago don su riƙa gwadawa.

Aminatou ta san ciniki. Ta san a taɓa kaya, a juya shi, a ja zarensa, a dubi idon mai shi. Amma a wannan kasuwa ta cikin waya babu ido, babu hannu, sai hoto da taurari biyar a ƙarƙashin sunan wanda ba ka san ko mutum ba ne. Na farkon da ta saya ya iso a cikin ambulan, ba kwali, gefensa duk shatin haƙori kamar kare ya yi wasa da shi. Suka sa a na'urar Adjoa, ko motsi. Suka rubuta wa mai shi, ya amsa da cewa lafiya lau ya bar hannunsa, kuma daga nan bai ƙara amsawa ba.

Na biyun bai ma iso ba. Waya ta ce an kawo, har da hoton ƙunshin a jingine a bakin wata jar ƙofa. Ƙofar gidan da Aminatou take haya a unguwar Tremont kuwa baƙa ce. Ta bi layinsu ƙofa-ƙofa da wayar a hannu, ta bi na bayansa, ta samu jajayen ƙofofi har uku, ta buga, mutane suna leƙo ta ta sarƙar ƙofa kamar ta zo roƙo. Adjoa ta kira kamfanin a madadinta, aka bar su suna sauraron kiɗa har ta gama kan mace guda, sannan wata murya mai daɗi ta ce ai hoto ya nuna an kawo.

Duk Lahadi kuma Nafissa na zuwa gaban waya da sauri yanzu. Ba ta tambaya, ta fi ƙarfin haka, amma idonta na tambaya. Aminatou kan ce wa Inna, "A gaya wa yarinyar nan saƙonta na hanya."

Ga lokaci na ƙurewa. Alhaji Souley, mai shagon atamfa a kusa da su, shi ke ɗaukar wa mutane saƙo in zai je gida, kuma ranar Alhamis zai tashi. In ya tafi, babu wani amintacce mai zuwa Maradi sai bayan wata biyar.

Sai ga na uku ya bayyana. Mai shi ya rubuta cewa ba a taɓa buɗe shi ba, yana nan cikin ledarsa ta kamfani. Ya kuma iya magana, Allah ya sani. Da Adjoa ta rubuta masa cewa na wata yarinya ne a Afirka, sai ya ce shi ma yana da ɗiya, zai aiko da gaggawa. Ranar Laraba da hantsi ƙunshin ya iso shago. Aminatou ta yage takardar, ga kwali fes, ga hoton gona da kaji, ga leda ta manne masa tana ƙyalli.

Adjoa ta jawo na'ura daga aljihun tebur. "Sista, kawo mu gwada."

Aminatou ta rungume kwalin. "A'a. In mun gwada sai mun yage leda."

"To sai me? Leda ne yarinya zai yi wasa da shi? Minti biyu fa. Sau biyu an cuce ka, kai ba ka ji ba?"

"Ke ba ki san mutanenmu ba," in ji Aminatou. "Abin da ya taho daga Amerika ba leda, gwanjo za su ce. Na taɓa aika riguna na cire masu takardar kanti, wata gwaggonmu ta ɗaga ta shinshina gaban kowa, ta ce ashe can ma bola ake tsinta. Wanga shi ne abu na farko da ta roƙe ni. Ita za ta buɗe shi da hannunta."

Adjoa ta yi ta magana, har matar da ake yi wa kitso ta sa baki, amma ina. Wanda bai zauna a tsakar gidan da ake buɗe tsaraba ba zai ce wauta ce, kuma wautar ce, sai dai irin wadda ke da dalili. Aminatou ta naɗe kwalin a cikin ɗankwali sabo, ta zagaye shi da salatif, ta kai wa Alhaji Souley. Da ta dawo, wayar ta tambaye ta ko kaya sun iso lafiya. Ta danna e, ta ba mutumin taurari biyar cif, ta sa Adjoa ta rubuta masa Allah ya raya masa ɗiyarsa. A wurinta wanda ya yi maka kirki ba a barinsa yana jiran godiya.

Alhaji Souley kuwa ba jirgin saƙo ba ne. Ya sauka a Yamai ya tarar da rasuwa, ya zauna. Ya wuce Dosso ganin surukai, ya zauna. Sai da ya shafe mako biyar kafin ƙafarsa ta taka Maradi.

Ranar da saƙon ya isa, Inna ce ta kira da kanta. Safiya ce a Harlem, Aminatou ta fara kan wata mata ke nan, can kuma la'asar ta yi. Ta jingine wayar a jikin madubi. Tsakar gidan ya cika. Nafissa ta gayyato ƙawayenta na lakkwal su shida, sun kewaye ta a kan tabarma, matan gida na tsaye a baya. Yarinyar ta warware ɗankwalin a hankali, ta ɗaga kwalin sama don kowa ya gani. Wata mata ta ce, "Sabo dal, har da ledarsa!" Aminatou ta ji daɗin wannan magana har cikin ranta, ta saci kallon Adjoa.

Nafissa ba ta yage ledar ba, da reza ta yanka gefenta don kada ta lalace. Ta ciro ɗan kaset ɗin ta zura a na'ura ta kunna. Fuskar na'urar ta yi haske, fari fat, ta tsaya a haka. Ta kashe ta sake kunnawa. Ta ciro shi ta hura masa iska, ta goge shi da bakin hijabi, ta mayar. Fari fat.

"Ki jira kaɗan, wataƙila sai ya ɗan yi zafi," in ji Aminatou, alhali ba ta san komai a kan abin ba.

Wata daga cikin ƙawayen ta karɓi kaset ɗin ta girgiza shi a kunne. Ta sa farce a gefensa, sai ya rabe biyu a tafin hannunta. Roba ce kawai, babu komai a ciki, an liƙa mata hoton gona a baya. Ɗaya daga cikin yaran ta fashe da dariya, sauran suka bi ta. Ba mugunta ba ce, yara ne. Nafissa ba ta yi kuka ba. Ta tattara ɓangarorin biyu ta mayar cikin kwali, ta mayar da kwalin cikin leda, kanta a ƙasa. Inna ta ce waya ba caji, ta kashe.

Aminatou ta tsaya da gashin mutane a hannu. Adjoa ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta ture ta gefe a hankali ta ƙarasa kitson, sannan ta ɗauki wayar ta shiga neman mutumin. Babu shi, sunansa ma ya ɓace daga kasuwar. Ta rubuta wa kamfanin, amsa ta zo nan take: kwana talatin na mayar da kaya sun wuce, kuma mai saye da kanta ta tabbatar kaya sun iso lafiya. Suka kira, aka sa musu kiɗan nan. Aminatou ta zauna tana sauraro, ba ta ma san wa za ta yi wa Allah ya isa ba. Ba ta san fuskarsa ba, ba ta san garinsu ba, ba ta san ko yana da ɗiyar da ta yi wa addu'a ba.

Kafin Lahadi ta zagayo ta riga ta samo wani kaset ɗin a wurin wani mai sayarwa, ta kuma yi rantsuwa wannan karon a gaban Adjoa za a buɗe shi. Ta kira Inna, ba ta tsaya hirar unguwa ba ta nemi yarinyar. Aka daɗe ana kira kafin Nafissa ta zo. Ta durƙusa ta yi gaisuwa, lafiya lau, lakkwal lafiya lau.

"Na samo wani," in ji Aminatou da sauri. "Wanga sai na gwada shi da kaina. Ko babu mai tahowa zan san yadda na yi ya iso."

Nafissa ta ɗago ta dube ta. Babu fushi a fuskarta, da ma fushin ne da ya fi sauƙi. Ladabi ne zalla, irin wanda ake yi wa baƙuwar da ta kawo alheri.

"A'a, Mama, ki bar shi. Na gode, Allah ya ƙara buɗi."

"Ai ba wuya, yarinyar nan. Ko wani abu dabam kike so? Faɗi ko mene ne."

"Ba na son komai," in ji Nafissa. "Da ma bai kamata in roƙe ki ba."

Ta miƙa wa Inna wayar da hannu biyu, ta tashi.