Daga Juma'a Zuwa Laraba

Ɗana Mudassar ne ya bar ubansa ya cika idonsa yana kan ƙofa. Ba wani ya kawo min gulma ba, da bakinsa ya faɗa, a cikin banki, a gaban wata yarinya mai jan farce. Ban yi makaranta ba, amma ba a taɓa cewa kunnena yana da ciwo ba.

Da na fita takaba ya matsa min lamba sai na bar Wazirabad na zo Karachi na huta a wurinsu. Na zo. Ran nan da safe ina shan shayi ya ce in ɗauko mayafina mai kyau, za mu banki a yi min kati.

"Katin me? Ina da na ɗan ƙasa."

"Na jirgi, Ammi. Ki sayi gari da mai da shi, su rubuta miki maki. In makin ya taru ki hau jirgi kyauta."

"Garin alkama ne zai zama jirgi?"

Matarsa Uzma ta ƙyalƙyale da dariya daga kicin. "Ammi, ki bi shi kawai ki huta. Ni ko albasa na saya da kuɗin hannu, yini zai yi yana kumbura."

A mota na gane sauran. Duk wanda ya karɓi sabon kati ana yi masa kyautar maki. Ya karɓa da sunansa, ya karɓa da na Uzma, nawa ne ya rage bai ci da shi ba. Kuma tun da kuɗin hayar shagon ubansa a asusuna suke shiga, banki ba zai ƙi ni ba. Ban ji haushi ba. Na ce a raina, yaro yana son ya riƙa ganin uwarsa.

Bankin yana cikin wani katafaren kanti, sanyi kamar ɗakin ajiye gawa. Yarinyar da ke ba da katin, Mahnur sunanta, ta zaunar da mu, ta kawo min ruwa, ta ajiye kati biyu a tebur, shuɗi da baƙi.

"Khala," ta ce, wato Inna, "wannan baƙin zai shigar da ke ɗakin manya a filin jirgi, ki ci ki sha kyauta. Shuɗin kuma ya fi kyautar maki, kuma ana ƙara miki nauyin kaya."

"'Yar nan, ni kayana zani biyu ne da maganin gwiwa."

Ta yi dariya. Mudassar ya ja kujera gaba, fuskarsa ta washe yadda ban gani ba tun rasuwar. Suka shiga lissafinsu: wanne ya fi bayarwa a gidan mai, wanne makinsa ke mutuwa in an bar shi, wanne ake yafe kuɗin shekara. Ina kallonsa ina jin daɗi. Ubansa ma haka yake juya wuƙa biyu a hannu kafin ya ce wacce ta fi ƙarfe.

"Ni dai shuɗin zan zaɓa mata, ranka ya daɗe," in ji Mahnur.

"Kai, rabu da shuɗin nan! Ina da shi. Sun ce makin zai shigo nan take, suka riƙe min tun daga Juma'a har Laraba. Ga kujerar Sialkot ina gani a waya, ga tafiya ta gaggawa, kullum in duba in ga babu, sai da..."

Bai juyo ba, amma na ga bayan kunnensa ya yi ja.

Sialkot nan ne filin jirginmu. Kuma sau ɗaya Mudassar ya zo gida a bana.

"Wace Juma'a?" na ce.

"Ammi, wata magana ce daban."

"Na ce wace Juma'a?"

Juma'a ɗaya na sani. A ranar ne likita ya ce mu mai da Abban Mudassar gida, ciwon ya gama cin hantar. Ya ba mu allurar da ke kashe zafi, ya ce amma tana sa barci mai nauyi. Bayan an sauko masallaci na kira ɗana na ce, "Abbanka yana tambayarka." Ya ce min hazo ya sa an soke jirage, kujera ta yi wuya, amma yana nan tafe zuwa Laraba in Allah ya so. Na yarda. Hazon ina ganinsa a tsakar gidana.

Na faɗa wa uban. Ya ce in juya masa gadon ya fuskanci ƙofa. Ya sa na kwaɓa lalle na shafa masa a gemu, wai kada yaron ya same shi kamar tsohon bunsuru. Da na ɗauko allurar ya riƙe min hannu.

"In ya shigo ina barci fa?"

"Sai in tashe ka."

"Ke kin san barcin nan ba na tashi ba ne. Ajiye."

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a gaban wutar maƙera, tartsatsi na sauka a hannunsa ba ya ko ƙiftawa, na ga yana cizon bargo har zaren ya fita. Zufa tana jiƙa matashi a tsakiyar sanyi. Duk riksha, keken hayar nan, da ta tsaya a lungunmu sai ya ɗaga kai. Na roƙe shi, na zage shi, na ce rabi kawai. Ya ƙi. Talata bayan la'asar ya cika. Mudassar ya iso kafin a ɗauki gawa, a ranar, kujera ta samu.

"Ta samu ranar Talata," na ce masa a bankin. "Da me ka saye ta?"

"Da kuɗi, Ammi."

"Ranar Juma'a kuɗin ba sa aljihunka?"

Mahnur ta turo wata 'yar na'ura mai gilashi gabana, muryarta ƙasa-ƙasa. "Khala, in kin dangwala babban yatsanki a nan mun gama, sai ku ƙarasa maganar a gida."

Na ɓoye hannuna a mayafi. "Ke, ja abin nan daga gabana."

"Ammi, mutane suna kallonmu."

"Su kalla! Ubanka ma ƙofa ya yi ta kallo."

Sai ya juyo, idonsa taf da hawaye. "Ba ki ce min mutuwa zai yi ba! Kin ce yana tambayata. Na ɗauka da sauran lokaci. Wallahi da kin ce min..."

"In ce me? Wace mace ce take ɗaukar waya ta ce mijina zai mutu, yana kwance yana jin ta? A lungunmu wa ya taɓa faɗin haka? Da kakanka zai tafi, me aka aika wa ubanka a Lahore? Yana tambayarka! A kan rufin bas ya zo, da baƙin aikin ƙira a hannunsa. Kai tun da aka haife ka, yaushe ubanka ya taɓa tambayarka? Ko ranar aurenka bai ce ina yake ba. Ka san maganar, Mudassar. Da nonona ka sha ta. Katin nan ne ya toshe maka kunne."

Mai gadi ya matso da bindigarsa a kafaɗa, ya ga furfurata, ya koma inda yake.

Sai wani abu ya faɗo min a rai.

"Makin da ya shigo Laraba, ina yake?"

"Ammi, don Allah."

"Ka kashe shi?"

Ya sunkuyar da kai. "Da shi na kawo ki."

Kujerar gaba aka ba ni a jirgin nan. Wata yarinya ta miƙo min tawul mai ɗumi a bakin ɗan awartaki, na goge fuskata, na ci kaza, na miƙe ƙafa, har na yi wa ɗana addu'a a sama, kusa da gajimare. Ashe a kan cizon bargon mijina nake zaune.

Na juya wajen yarinyar.

"Kira min mai gidan nan," na ce wa Mahnur.

Manajan ya fito, wani mai tumbi da turare, yana murmushi yana kirana uwa. Na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya ce Allah ya jiƙan mamaci. Ya ce shigar maki ba a hannunsu take ba, tsakanin babban ofis ne da kamfanin jirgi, na'ura ce take yi, kuma an rubuta a ƙa'ida cewa yana iya ɗaukar kwanaki. Ya ce saboda damuwar da aka samu zai nema mana ƙarin maki.

"Maki," na ce. "Ka ji shi, Mudassar? Za a ƙara maka."

Ɗana ya sauko daga kujera ya durƙusa a kan tayil, ya kama ƙafata, ƙato da shi, da taye a wuya. "Ammi, ba su ba ne. Ni ne. Ni na jira. Ki tashi mu tafi gida, ki yi min duk abin da za ki yi."

Na dubi tsakiyar kansa. Gashin ya fara zubewa daidai inda na ubansa ya fara.

"Na san kai ne," na ce. "Amma kai kaɗai gare ni. In na ɗora maka laifin duka, wa zan kira gobe?"

Na janye ƙafata, na gyara zama, na juya ga manajan.

"Na'ura ba ta haifi kanta ba. Akwai wanda ya zauna ya ce a yi wa yaran mutane alkawarin kyauta, a riƙe, su yi ta duba waya. Yana da suna, yana da uba. Ba na son shayinku, ba na son makinku, kuma ba zan dangwala ba. Ku rufe bankin da ni a ciki in kun ga dama. A fito min da shi, ya zauna a kujerar nan, ya dubi idona ya faɗa min me ya yi da kwanakin mijina."