Littattafan da ke cikin kabad

Tun farkon zango gwamnati ta aiko da sababbin littattafan karatu, na sabon tsari. Hedimasta ya jera su cikin kabad ɗin ofishinsa da ledarsu, ya kulle, ya rataya makullin a wuya. Ya ce hannun yara ba ya rabo da maiƙo, kuma masu duba makarantu suna son su ga kaya tsaf.

Malamar aji uku ba ta nemi duka ba. Guda ɗaya ta roƙa, saboda Auta, 'yar telan bakin kasuwa. Uban ya riga ya faɗa mata cewa in shekara ta ƙare yarinyar ba ta karanta masa shafi guda ba, zai mayar da ita shago, dama yana neman mai sa maɓalli.

"Malama, in na ba ki ɗaya, gobe kowa sai ya zo da tasa Autar," in ji Hedimasta, yana dariya.

Sai ta koma ga allo. Kullum bayan an tashi takan rubuta da alli, manya-manya, Auta na bi da yatsa. Har yarinyar ta fara karanta jimla ba gargada.

Ranar da mai duba makarantu zai zo, aka sa yara suka wanke hannu, aka raba littattafan, aka gargaɗe su kada su buɗe sosai, don kada bayan littafin ya karye. Mutumin ya shigo, ya ce a ba shi wadda ta fi kowa. Malama ta nuna Auta ba tare da wata shakka ba.

Auta ta miƙe, ta duba shafin. Ba ta taɓa ganin rubutun inji ba. Baƙaƙen ƙanana ne, a matse, wasu da lanƙwasar da ba ta cikin na Malama. Ta ɗaga kai ta kalli allo, babu komai a kansa. Ko kalma ɗaya ba ta karanta ba har aka ce ta zauna.

Mai dubawa ya ce gwamnati ta yi nata, malamai ne ba sa amfani da kayan aiki. Hedimasta ya gyaɗa kai, ya ce shi ma ya sha faɗa.

Kafin la'asar labari ya kai shago. Malama ta je ta yi wa tela bayani, ya saurara da zare a baki, bai daina taka keke ba.

"Kin yi ƙoƙari, Malama, Allah ya saka," ya ce. Sannan ya juya ciki, inda yarinyar ke zaune tana sa maɓalli. "Auta, kawo wa Malamarki kujera."